Gizo-gizo Mai Rigar Karan-miski: Kiwon da Ba Ya Son Yawan Hannu

A garin Hamm da ke yammacin Jamus akwai wata kasuwa da ake ci 'yan lokuta a shekara, wadda ba a kasa hatsi ko tufa a cikinta. Macizai ake kasawa, da ƙadangaru, da kwaɗi, da kunamu, da gizo-gizo iri-iri. Sunanta Terraristika, kuma masu sha'awar irin wannan kiwo daga ƙasashen Turai da dama suna yin tattaki zuwa can. A irin waɗannan kasuwanni, da kuma shagunan da ke ciniki ta intanet a Jamus da Poland da Birtaniya da Amurka, wani ɗan ƙaramin gizo-gizo ya samu shiga a 'yan shekarun nan. Ana sayar da shi cikin 'yan ƙananan robobi masu murfi. In ka ɗaga robar ka leƙa, da wuya ka ga komai sai dunƙulen farar yana da 'yan tsinke. Mai hajar zai ce maka ka kwantar da hankalinka, yana ciki.

Wanda ya tashi a gidan da ake bin yana da tsintsiya duk safiya, aka kuma tsoratar da shi da tautau tun yana yaro, zai yi mamakin a ce mutum ya cire kuɗinsa ya sayi gizo-gizo. Amma duk wanda ya ga wannan halitta kusa da kusa zai gane abin da ke jan mutane. Jikinsa a dunƙule yake, ƙafafunsa gajeru ne masu kauri, kansa faffaɗa, kuma gashi gajere mai laushi da sheƙi ya rufe shi kaf, irin na yadin karan-miski, wanda daga nan sunansa ya samo asali. Ba ya ruga gudu, ba ya tsalle. Tafiyarsa a hankali take, kuma idan ya tsorata sai ya naɗe ƙafafunsa ya lafe.

Wannan sanyin hali ne ya sa ake tallarsa a matsayin abin da ya dace da sabon shiga. Akwai gaskiya a maganar, sai dai ba ta cika ba. Gizo-gizon nan ba ya buƙatar abu mai yawa, kuma a nan matsalar take, domin sabon mai kiwo hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Yana so ya shayar, ya ciyar, ya gyara, ya buɗe ya duba. Mafi yawan abin da ke kashe wannan halitta a hannun mutane daga irin wannan ɗoki yake fitowa, ba daga sakaci ba.

Dangin da saƙarsu

Masana suna kiran dangin da suna Eresidae. Ba su da yawa idan aka gwada su da sauran gizo-gizon duniya, waɗanda nau'o'insu da aka sani sun haura dubu 50. Su waɗannan nau'i ɗari ne da 'yan kai, an kasa su gida 9. Kusan dukkansu a Afirka da Turai da Asiya suke, kuma Afirka ce cibiyarsu. Wuraren da suka fi so su ne masu ƙarancin ruwa: hamada, da dajin ƙaya, da filayen yashi, da gangaren duwatsu masu shan rana. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai kiwo ya riƙe, domin duk sauran ƙa'idojin daga nan suka taso.

Saƙarsu ta bambanta da wadda muka saba gani a lungun ɗaki ko a tsakanin rassan itace. Gizo-gizon da ke yin saƙa mai da'ira yana shafa wa zarensa wani danƙo, ƙwaro ya taɓa ya manne. Na karan-miski ba shi da danƙo. A ƙarƙashin cikinsa akwai wani ɗan faifai mai dubban ƙananan ƙofofi da zare siriri ƙwarai ke fitowa daga gare su, a ƙafafunsa na baya kuma akwai jerin gashi mai tauri da yake taje zaren da shi, har ya tashi ya yi laushi kamar audugar da aka shiɓe. Ƙwaron da ya taka wannan zare, ƙayoyin ƙafarsa da gashin jikinsa ne ke sarƙewa, yana ƙoƙarin fita yana ƙara naɗe kansa. Danƙo yana bushewa a cikin zafi da iska, amma wannan tarko yana daɗewa yana aiki ko a tsakiyar rani. Sabuwar saƙar takan yi fari mai ratsin shuɗi, in ta tsufa ta yi toka-toka, ta cika da ɓawon ƙwarin da aka cinye.

Kowane gida a dangin da irin zamansa. Seothyra, da ke hamadar Namib da Kalahari, yana haƙa rami a yashi ya shimfiɗa saƙa a bakinsa, sai ta fito da siffar sawun kofaton barewa. A nan yake kama tururuwa da rana tsaka, lokacin da yashin ya yi zafin da ba ya takuwa. Eresus yana haƙa rami mai zurfin kimanin santimita 10, ya lulluɓe bangonsa da siliki, ya yi masa rumfa a sama. Gandanameno yana shiga ƙarƙashin ɓawon itace ko tsagar dutse ko ta bango. Stegodyphus kuwa a kan itatuwan ƙaya yake kafa sheƙa.

Wanne za a fara da shi

Hoton da ya fi jan mutane zuwa wannan kiwo na namijin Eresus ne: bayansa ja wur, da ɗigo baƙaƙe huɗu a jere bibbiyu, ƙafafunsa baƙaƙe masu zoben fari. Yana da kyau ƙwarai, babu musu. Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne, wannan ado na ƙarshen rayuwa ne. Namijin yana shafe shekaru a cikin rami yana baƙi kamar 'yan'uwansa mata. Sai ya yi saɓarsa ta ƙarshe, wato ya balaga, sannan jan ya bayyana. Daga nan sai ya bar ramin ya shiga yawon neman mace, ba ya damuwa da ci, kuma kwanakin da suka rage masa makonni ne ko 'yan watanni. Wanda ya sayi jan namiji saboda hoto, ya sayi dabbar da ke bankwana da duniya. Macen ita ce mai tsawon rai, ita kuma baƙa ce, a ɓoye take wuni.

Akwai kuma batun yanayi. Nau'o'in Eresus na tsakiyar Turai da arewacinta sun saba da hunturu, jikinsu yana bin zagayowar sanyi da ɗumi. A 2008 masanin ƙasar Cek Milan Řezáč da abokan aikinsa suka nuna cewa abin da aka daɗe ana ɗauka nau'i ɗaya ne a tsakiyar Turai, ashe uku ne, kuma lokacin fitowar mazansu ma ya bambanta: na Eresus sandaliatus a bazarar Turai suke fita, na Eresus kollari kuwa sai ƙarshen zafi zuwa kaka. Mai kiwon da bai san wanne ke hannunsa ba, bai san lokacin da zai sanyaya masa wuri ba. Wanda ya fi sauƙi a cikinsu shi ne Eresus walckenaeri na ƙasar Girka da gabashin Bahar Rum, wanda macensa takan kai santimita 4, tana cikin manyan dangin. Amma girmanta a hankali yake zuwa, sai an yi shekaru ana jira.

A ganina, wanda zai fara ya fara da Gandanameno, na kudanci da gabashin Afirka. Yana jure zafin ɗaki na yau da kullum, ba ya neman a yi masa hunturu, yana jure yunwa, macensa tana yin shekaru, kuma tun da a tsagar itace yake zama ba a ƙarƙashin ƙasa ba, ana iya hango shi a bakin ƙofarsa. Launinsa daga baƙi ne zuwa ruwan ƙasa mai ja-ja. Ba shi da adon namijin Eresus, amma shi ne zai zauna da kai.

Masu zaman taro kuwa, wato Stegodyphus dumicola da Stegodyphus mimosarum na Afirka da Stegodyphus sarasinorum na Indiya, abin kallo ne na daban. Gomomi ko ɗaruruwa suke zama a sheƙa ɗaya, su yi saƙa tare, su taru a kan ƙwaro ɗaya su ci. Sai dai rayuwar kowannensu ba ta wuce kimanin shekara ba, suna buƙatar abinci mai yawa a kai a kai, kuma in cuta ta shiga sheƙar takan share kowa. A bar su sai hannu ya faɗa.

Gida da abinci

Kuskuren farko shi ne babban gida. Mutum yana ganin kyautatawa ce ya ba ɗan gizo-gizo fili mai faɗi, alhali shi abin da yake nema lungu ne. A babban akwati abincinsa zai yi ta yawo nesa da saƙar, shi kuma ba mafarauci ba ne da zai fita ya bi sawu. Ɗan ƙarami, wanda bai wuce ƙwayar gero ba, 'yar ƙaramar roba ta ishe shi. Babbar mace kuwa, akwatin roba ko na gilashi mai kimanin santimita 10 ta kowane gefe ya wadatar. A zuba busasshiyar ƙasa mai yashi a ƙasa, a jingina ɓawon itace, a cusa 'yan tsinke da busasshen gansakuka don ya samu inda zai kafa zare. Eresus yana son ƙasar ta yi zurfi. Daga nan sai a rufe a ba shi kwanaki. A cikin dare zai yi aikinsa, wata safiya ka tarar ya ɗinke lungun da ya zaɓa.

Iska ta fi komai muhimmanci. A huda ƙananan ƙofofi a gefe biyu masu fuskantar juna, da kuma murfi, yadda iska za ta ratsa ta fita. Ƙofofin su yi ƙanƙanta, domin jariran suna fita ta inda ba ka zata ba. Laimar da ta kwanta a rufaffen akwati ita ce ajalin wannan gizo-gizo: fumfuna ta kama saƙar, ta kama ragowar abinci, ta kama shi. Mafi yawan ruwan da yake buƙata daga jikin ƙwaron da ya ci yake samu. Masu kiwo da suka ƙware sukan ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu a gefen saƙar jefi-jefi, su bar shi ya bushe kafin su sake. Wanda ya saba da kiwon manyan gizo-gizon dazuzzukan ruwa, masu son feshi kullum, sai ya ajiye wannan sabo a gefe. Kada kuma a ajiye akwatin a taga inda rana ke bugu kai tsaye. Gaskiya ne a daji yana shan rana, amma can yana da rami mai sanyi da zai gangara ciki, a cikin roba kuwa babu wajen gudu.

Abincinsa ƙwari ne masu rai. Jarirai ana ba su ƙananan ƙudajen nan da ke bin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, waɗanda ake kiwonsu musamman ana sayarwa, ko a yanka tsutsa a ɗora musu guntu a kan saƙa. Manya suna cin gyare, da ƙuda, da ƙaramin kyankyaso, da tsutsar dusa. Ƙa'idar ita ce kada ƙwaron ya fi cikin gizo-gizon girma sosai. Babba, sau ɗaya a mako ko a mako biyu ya isa. Cikinsa ne ma'auni: in ya yi tim yana sheƙi, a dakata, in ya fara yamushewa, a ba shi. Kada a kamo ƙwaro daga inda aka yi feshin magani, domin gubar da ba ta gama kashe kyankyaso ba za ta kashe wanda ya ci shi.

Lokacin ciyarwa ne kaɗai mai kiwo ke samun ladan jiransa, kuma ya cancanci a zauna a kalla. Ka ɗauki gyare da hantsaki ka ɗora shi a gefen saƙar. Zai yi ɗan motsi, ƙafarsa ta baya ta sarƙe. Da farko babu abin da zai faru. Can sai ka ga bakin ramin ya motsa, ƙafafu biyu baƙaƙe sun leƙo, sun dafa zaren suna sauraren girgizarsa, domin idanunsa takwas ba su da ƙarfin gani, da jijjiga yake sanin duniya. Sai faffaɗan kan ya biyo baya. Ba ya afka wa ƙwaron gaba da gaba. Yakan laɓaɓo ya cafki ƙarshen ƙafa ɗaya ko gashin baki da fiƙarsa, ya riƙe gam, ya ja da baya. Gyaren na harbi, shi yana riƙe, har dafin ya yi aiki motsin ya ragu. Sannan ya ja shi da baya-baya zuwa cikin duhu. Bayan kwana ɗaya ko biyu za ka ga busasshen ɓawon a liƙe a jikin saƙar. In yana kusa da baki ka cire da hantsaki, in yana can ciki ka ƙyale shi. Yaga saƙar don neman tsabta ɓarna ce, domin zaren nan da tsada yake fita daga jikinsa.

Wata rana zai toshe ƙofarsa da siliki ya daina karɓar abinci, mako biyu, uku, har fiye. A nan ne hankalin sabon shiga ke tashi, ya ɗauki tsinke ya tona don ya ga ko yana da rai. Yawanci saɓa yake shirin yi. A wannan lokaci jikinsa laushi gare shi, taɓawa kaɗan na iya karya masa ƙafa, gyaren da aka bari a ciki kuma na iya cinye shi. A cire duk wani abu mai rai daga akwatin, a jira ya buɗe ƙofar da kansa, a ƙara masa 'yan kwanaki fiƙarsa ta yi ƙwari kafin a ba shi abinci.

Batun ɗauka a hannu, shawarata a bari. Ba ya sabawa da mutum, ba ya gane mai shi, kuma faɗuwa daga tsayin teburi na iya fasa masa ciki. Ba ya saurin cizo, amma yana da dafi, kuma an samu rahoton cizon macen Eresus da ya jawo zafi da ciwon kai da zazzaɓi na wasu sa'o'i. In dole ne a sauya masa gida, a kora shi a hankali da burushi mai laushi, a haɗa masa da guntun tsohuwar saƙarsa. A gidan da ke da yara, akwatin ya zauna inda hannunsu ba ya kai wa.

Uwar da ke zama abinci

Akwai abin da ya wajaba a sanar da duk wanda zai sayi mace, musamman in yana tunanin haɗa ta da namiji. A yawancin wannan dangi, haihuwa ɗaya ce, kuma ita ce ƙarshe.

An fi nazarin abin a kan Stegodyphus lineatus, wanda ke zaune shi kaɗai a kan ƙananan itatuwa a ƙasashen Bahar Rum da hamadar Negev, inda masaniya Yael Lubin ta Jami'ar Ben-Gurion ta shafe shekaru tana bibiyarsa. Macen tana yin ƙwai kimanin 80 ta naɗe su a jakar siliki, ta yi gadinsu. Idan sun ƙyanƙyashe ita ce ke yaga musu jakar, domin ba za su iya fita da kansu ba. Daga ranar ta daina cin abinci. Sai ta riƙa amayo wani ruwa daga bakinta, jariran su taru a fuskarta suna sha. A 2015 Mor Salomon da abokan aikinta suka wallafa binciken da ya nuna daga ina ruwan ke fitowa: hanjin uwar ne ke narkewa a hankali, tun tana gadin ƙwai aikin ya fara, amma zuciyarta da wasu sassan suna nan lafiya har zuwa ƙarshe, yadda za ta rayu ta gama shayarwa. Bayan kimanin mako biyu, 'ya'yan su hau jikinta su tsotse abin da ya rage. Ba ta gudu, ba ta kare kanta. Abin da ake tararwa a sheƙar busasshen ɓawonta ne, da jarirai masu ƙiba da suka ninka girmansu na farko.

A wajen masu zaman taro abin ya wuce nan. Binciken da Anja Junghanns da abokan aikinta suka fitar a 2017 a kan Stegodyphus dumicola ya nuna cewa matan da ba su taɓa haihuwa ba ma suna gadin ƙwan 'yan'uwansu, suna shayar da jariran, kuma su ma ana cinye su. Kusan kowa a sheƙar jini ɗaya ne, saboda a cikin gida suke aure tsara bayan tsara.

Na daɗe ina juya wannan al'amari a raina, kuma ban ga dalilin da zai sa a kira shi mugunta ba. A ƙasar da ruwa ba ya zuwa sai an yi jira, inda ƙwaro ke wuya, jaririn da ya fita duniya da cikakken ciki shi ne mai rabon kaiwa baɗi. Uwar ba ta da rumbu, ba ta da abin da za ta bari sai jikinta. Mai kiwon da tausayi ya kama shi ya raba ta da 'ya'yan bayan narkewar ta riga ta yi nisa bai cece ta ba, ya dai hana jariran abincinsu ne kawai. Wanda ba zai iya kallon wannan ba, ya bar macensa ba namiji, za ta yi shekarunta ta mutu da tsufa. Wanda kuma ya zaɓi ya hayayyafa, ya shirya wa gomomin bakuna. Jariran suna jure zama tare na wani lokaci, fiye da yawancin gizo-gizo, amma ranar rabuwa tana zuwa, kowanne da robarsa da ƙudansa. Ba a sakin su a daji a ƙasar da ba tasu ba.

Daga ina aka samo shi

A Birtaniya an ga Eresus sandaliatus a 1906, daga nan ya ɓace, har aka ɗauka ya ƙare a ƙasar. Sai bayan fiye da shekara 70 aka sake gano wasu 'yan kaɗan a wani ɗan fili mai yashi a yankin Dorset da ke kudancin Ingila. Irin filayen da yake zama an mai da su gonaki, an dasa itatuwan katako, an yi gine-gine. Dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta kama shi ko sayar da shi, Jamus ma ta sa shi cikin halittun da doka ke karewa. Tun da macen ba ta yin nisa da ramin da aka haife ta, ba za ta iya ƙaura zuwa sabon fili da kanta ba, sai masu aikin ceto suka riƙa ɗaukar su da hannu. A 2011 an kai wasu gandun Arne na ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB a cikin gorunan ruwa na roba da aka cika da gansakuka da ciyawar filin. Kowace gora da gizo-gizo ɗaya a ciki wanda ya riga ya yi saƙarsa, aka binne ta a yashi, aka bar shi ya fito a lokacin da ya ga dama. Shekaru da dama na irin wannan aiki aka yi kafin adadinsu ya ɗan farfaɗo.

Na kawo wannan labari ne don a ga irin wahalar da ake sha kafin a mayar da abin da aka rasa, alhali mutum ɗaya da cokali da jaka zai iya kwashe filin da ya ɗauki shekaru yana cika a yini guda. Halittar da ke shekara uku ko huɗu kafin ta balaga, ta haihu sau ɗaya, ba ta kuma yin tafiya, ba ta jure ɗiba. A 2022 Benjamin Marshall da Alice Hughes da abokan aikinsu suka binciki cinikin gizo-gizo da kunamu a duniya, suka tarar nau'i fiye da 1,200 ne ake sayarwa, kuma bisa bayanan shigo da kaya na Amurka, kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ake cinikin daga daji aka kamo su. Yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wasu manyan gizo-gizo ƙalilan kawai ta shafa, babu dangin karan-miski a ciki. Ga shi kuma har yanzu ana gano sababbi, kamar Loureedia phoenixi mai ja da fari da aka bayyana daga Iran a 2020, kuma irin waɗannan masu ado su ne idon 'yan kasuwa ke saurin kai wa.

A ƙasashenmu na Sahel akwai 'yan wannan dangi, cikinsu har da Stegodyphus manicatus da aka sani a arewaci da yammacin Afirka. Wanda ya ga dunƙulen yana mai toka-toka a kan itacen ƙaya, cike da ɓawon ƙwari, ya tsaya ya duba da kyau, ya jefa ƙaramar fara ya ga abin da zai fito. Wannan kallo bai ci masa ko sisi ba, kuma ya fi a yi odar jariri daga Turai ya zo ya mutu a hanya cikin zafin kwali. Wanda kuma ya ƙudurta sai ya ajiye a ɗaki a nan, ya san abokan gabansa uku ne: laimar damina, da kiyashi masu shiga ta kowace ƙofa su kashe shi cikin dare ɗaya, da maganin sauro, na feshi da na hayaƙi. Ya kuma tuna cewa duk ran da ka kulle shi, cinsa da lafiyarsa sun hau wuyanka, ko da bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

Ga mai saye a inda ake wannan ciniki, alamomin a bayyane suke. Babbar mace da ake sayarwa da araha, ba a san sunan nau'inta ba sai na gidansu, ba a san uwarta ba, mafi yawa daga daji aka tono ta. Ba wanda ya san shekarunta, kuma tana iya zuwa da ciki ta yi ƙwai bayan wata biyu ta mutu a hannunka. Mai kiwo na gaskiya zai gaya maka watan da jariran suka ƙyanƙyashe, da sau nawa suka yi saɓa, da abin da suke ci yanzu, zai ma nuna maka hoton uwar da jakar ƙwanta. In ya kasa amsa waɗannan, ka mayar masa da robarsa. In ya amsa, ka sayi ƙanana biyu ko uku maimakon ɗaya, tun da ba a bambance mace da namiji a wannan girma, ka kuma tanadi ƙudajensu tun kafin ka kai su gida.